Tun da na raba Baba da gonarsa ya daina walwala

Wani ɗan'uwa, ma'aikaci a nan Zinder, ya rubuto yana neman shawara a kan mahaifinsa. Ga abin da wasiƙarsa ta ƙunsa a taƙaice:

“Mahaifina ya haura shekara 75, kuma tun tasowarsa noma da kiwo yake yi a ƙauyenmu da ke ƙasar Matamai. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, ga kuma ciwon gwiwa da ya matsa masa, sai na ɗauko shi bayan girbin bara na dawo da shi wurina. Na gyara masa ɗaki, na sa masa fanka da talabijin, na ba wani ɗan'uwanmu aron gonar, na kuma sayar da awakinsa don kada hankalinsa ya rabu biyu. Ban rage shi da komai ba, amma tun da ya zo yake ramewa. Ba ya cin abinci sosai, barcinsa ya lalace, hira ta ragu, kuma ranar da aka yi ruwan farko na bana na same shi a bakin ƙofa yana hawaye, ya ce in mayar da shi ya ga gonarsa. Yayata ta ce gigin tsufa ne, ƙanena ya ce in ƙyale shi ya koma, ni kuwa ina tsoron ya faɗi a daji babu kowa kusa, ina kuma tsoron a ce na yar da ubana a ƙauye ina birni ina jin daɗi. Me ya kamata in yi?”

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri, domin duk wanda ya karanta wasiƙarka zai gane cewa tausayi ne ya sa ka ɗauko shi, kuma tausayin nan ne yake damun ka yanzu. Shawarata ita ce ka bar shi ya je ya ga gonarsa a wannan damina, bisa wani shiri da zan bayyana a gaba, kuma ku daina ɗaukar kewar gona a matsayin rigimar tsofaffi, domin mutumin da ya shafe fiye da shekara 60 yana wayar gari a cikin shuka da itatuwa da dabbobi, natsuwar zuciyarsa tana ɗaure da su. Sai dai akwai abu guda da ya wajaba ya riga tafiyar, wato ganin likita.

Ramewa da rashin cin abinci da lalacewar barci da janye jiki daga mutane, idan suka haɗu ga mutum guda kuma suka zarce mako biyu, suna cikin alamun da likitoci ke dubawa wajen gane ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 suna fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba su ne kan gaba, kuma kaɗaici yana taɓa kusan mutum ɗaya cikin kowane tsofaffi huɗu. Tsofaffinmu ba kasafai suke cewa ransu a ɓace yake ba. Abin da za ka ji daga bakinsu shi ne jiki babu daɗi, ko kasala, ko abinci ba ya shiga. Haka kuma waɗannan alamu suna iya fitowa daga ciwon suga, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko wata cuta ta ciki, har ma da raunin ji ko yanar ido, domin tsohon da ba ya jin abin da ake faɗa a zaure yakan zaɓi yin shiru. Saboda haka ka kai shi asibiti a auna jininsa da sugansa, a duba idonsa da kunnensa, ka tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da waɗanda ake saye wurin ƴan talla, domin wasu magungunan ciwon gaɓoɓi suna yi wa ciki da ƙoda illa idan aka daɗe ana shan su ba tare da kulawar likita ba. Ka gaya wa likitan labarin kamar yadda ka gaya mini, har da rasuwar mahaifiyarku da hawayen nan, kada ka tsaya a kan gwiwa kawai. Idan kuwa ka ji ya fara cewa ya gaji da rayuwa ko ya zame muku kaya, ko ya ƙi shan ruwa, ko ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, to a ranar za a kai shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ko asibitin da ya fi kusa. Tuna mutuwa irin na mumini daban ne, yanke ƙauna daban, kuma ɗan da ya san ubansa zai iya bambance su.

Game da maganar yayarka, likita ne zai yanke hukunci, amma abin da ka rubuta bai yi kama da gigin tsufa ba. Mai ciwon mantuwa yakan rasa lissafin rana da wata, ya maimaita tambaya guda sau da yawa, ya ɓata a hanyar da ya sani. Baba kuwa ya ji ƙamshin ruwan farko ya san lokacin shuka ya yi, ya san inda gonarsa take, ya kuma faɗi buƙatarsa dalla-dalla. Wannan hankali ne da ke aiki, kuma abin da ya sa shi kuka abu ne na gaske.

Ka ce ba ka rage shi da komai ba, kuma na yarda da kai ta fuskar ci da sha da sutura. Amma ka lissafa abin da ya bari a baya. Manomi irin mahaifinka da sararin sama yake fara hira kowace safiya: ya dubi gabas ya san ko hadari na haɗuwa, ya ga shamuwa ta iso ya san damina ta kusa, ya damƙi ƙasa ya san ko ruwan ya isa shuka ko a ƙara jira. Shekararsa a tsare take tun daga sassabe zuwa shuka, daga noman farko zuwa maimai, daga girbi zuwa ɗaure dammuna da cika rumbu, kuma a kowane mataki akwai wanda zai zo ya tambaye shi yadda za a yi. Awakin da ka sayar su ne suke tashe shi da kuka da asuba, su ne dalilin da zai sa ya miƙe ko da gwiwa tana ciwo. A cikin ƴan watanni ya rasa abokiyar zamansa, ya rasa aikinsa, ya rasa masu neman shawararsa, ya kuma rasa filin da idonsa ya saba miƙewa a cikinsa, aka ba shi bango huɗu da akwatin da ke magana a kan abubuwan da ba su shafe shi ba. Duk abin da aka ba shi a birni na hutawa ne, alhali abin da ya rasa shi ne dalilin tashi da safe.

Akwai kuma wani abu da ya shafi tsaran mahaifinka na ƙasar Matamai musamman, wanda ƴaƴansu da suka tashi a makaranta ba su cika lura da shi ba. Yana matashi aka yi farin 1973, yana magidanci aka yi na 1984, ya ga lokacin da gonaki suka zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka. Su ne mutanen da suka mayar da itatuwa cikin gonaki ta hanyar da ake kira sassabin zamani, wato manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture ko daga ƙasa, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya sassabe sauran, ya yi ta tsaron su daga gatari da bakin dabba har su zama itace. Masu binciken da suka auna aikin a tsakiyar shekarun 2000 sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Zinder, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma yankin Magarya da Matamai da Mirya yana cikin wuraren da abin ya fi bayyana, inda gawo ya mamaye gonaki. Gawo kuwa kowa ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa, kuma hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Tun a ƙarni na 19 ana ba da tarihin cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. To idan akwai gawo 20 ko 30 a gonar Baba, akwai yiwuwar ya san kowane ɗaya tun yana toho, ya san shekarar da ya bar shi da wanda ya yi faɗa da shi a kansa. Mutumin da ke roƙon a kai shi ya ga irin wannan gona, aikin rayuwarsa yake roƙon gani.

Abin da nake faɗa, masana sun daɗe suna auna shi a ƙasashensu. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Roja Ulrik, ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibiti na jihar Pensilbaniya. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabin kuma tana kallon bangon bulo, sai aka ga masu kallon itatuwa sun riga sauran barin asibiti, kwana 7.96 a matsakaici maimakon 8.7, kuma ba su buƙaci magungunan kashe zafi masu ƙarfi kamar sauran ba. A 2019 wani binciken da ya shafi mutum kusan 20,000 a Ingila ya nuna cewa waɗanda ke samun aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa ko fili ko bakin ruwa sun fi sauran faɗin cewa suna da lafiya da kwanciyar hankali, kuma hakan ya tabbata ga tsofaffi da masu doguwar jinya, ko an yi mintocin a fita guda ko an rarraba su. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu da ke tafiya tare ne, kuma gaskiya ne cewa mai lafiya ya fi samun ƙarfin fita, don haka ba a ɗaukar sa a matsayin takardar magani. Duk da haka sakamakon yana maimaituwa a wurare da yawa, kuma ya yi daidai da abin da kowa ke gani a gidajenmu.

Abin da ya fi dacewa da matsalarka shi ne bambancin da masanan suka yi tsakanin kasancewa a cikin daji da jin cewa kai ɗan wurin ne. Mutum zai iya ratsa gona a kan babur bai ga komai ba, wani kuma yana zaune gindin tsamiya guda yana lura da kowace kurciya da ta sauka. A 2014 wasu masana a Kanada sun tattara sakamakon bincike a kan mutum fiye da 8,000, suka ga cewa waɗanda ke jin kusanci da halittun da ke kewaye da su sun fi kuzari da farin ciki da gamsuwa da rayuwa. Bambancin ba babba ba ne, amma yana nan daram. A ƙasashen da aka yi waɗannan bincike, ana ta neman dabarar koya wa tsofaffi wannan kusanci. Baba ya riga ya mallake shi, kuma wanda kusancinsa ya kai haka shi rabuwa ta fi yi wa ciwo.

Ta yaya fita waje ke taɓa ƙwaƙwalwa? Hanya ta farko hasken rana ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani agogo da ke tsara lokacin barci da farkawa, kuma hasken safiya ne ke saita shi, shi ke sa sinadarin melatonin mai kawo barci ya fito a kan lokaci da dare. Hasken cikin ɗaki, ko da an kunna fitila, bai kai ko kusa da na waje ba, shi ya sa tsohon da ya wuni a ɗaki yakan yi gyangyaɗi da rana ya kwana ido biyu, rashin barcin kuma ya ƙara masa ƙunci. Sai motsa jiki, domin gwiwar da aka daina takawa ƙara sandarewa take yi, naman cinya ya saki, haɗarin faɗuwar da kake tsoro ya ƙaru. Sai kuma hutun tunani: mai baƙin ciki idan yana zaune wuri guda zuciyarsa takan yi ta juya abu ɗaya, amma motsin ganye da kukan tsuntsu da tafiyar gajimare suna jan hankali a hankali ba tare da gajiyar da shi ba, sai su ba zuciya sarari.

Hanyar da na fi so ka riƙe ita ce ta ɗawainiya. A 1976 wasu masana biyu mata a Amurka, Elen Langa da Judit Rodin, sun yi gwaji a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Konetikat. Wani rukuni aka ba su shuka a tukunya aka ce su ne za su kula da ita, aka kuma bar musu zaɓi a ƙananan al'amuran yau da kullum. Ɗaya rukunin ma an ba su shukar, amma aka ce ma'aikata za su shayar da ita su kuma tsara musu komai. Bayan mako uku, rukunin da aka ɗora wa ɗawainiya sun fi walwala da kuzari da shiga mutane. Duka rukunan biyu suna ganin koren ganye, abin da ya bambanta su shi ne wani yana da abin da ke jiran hannunsa. Idan ka lura, kyakkyawar niyyarka ta sa Baba a cikin rukuni na biyu.

Addininmu ma bai bar wannan fage ba. A cikin Suratul Gashiya Allah ya yi kira a dubi raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta, kuma ga tsohon manomi wannan tafakkuri wani yanki ne na ibadarsa ko da bai taɓa kiran sa da suna ba. Hadisi ingantacce ya zo cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, aka wallafa a 2020, ya zo kusa da wannan: tsofaffi 60 aka sa su tafiyar minti 15 sau ɗaya a mako har mako takwas, aka ce wa rabinsu su riƙa lura da abubuwan al'ajabi a hanya, sai waɗannan suka ba da labarin ƙaruwar godiya da tausayi da raguwar ƙunci fiye da waɗanda suka yi tafiyar kawai. Biyayya ga iyaye da aka umurce mu da ita ta haɗa da ciyarwa da tufatarwa, amma ta haɗa da sauraron abin da suke so matuƙar hankalinsu yana tare da su kuma abin ba saɓo ba ne. Baba dattijo ne mai iko da kansa, kuma inda zai yi sauran kwanakinsa magana ce da ya fi kowa haƙƙi a cikinta.

Yanzu ga shirin. Bayan likita ya duba shi kuma bai hana tafiya ba, ka kai shi da kanka, ka kwana biyu tare da shi don ka ga yanayin wurin da idonka. Kada tafiyar ta zama ta mayar da kaya, a ajiye shi a juya. A sami mutum guda tsayayye da zai riƙa kwana kusa da shi, jika ko ɗan ɗan'uwa, a kuma san matar da za ta ɗauki nauyin abincinsa, ku ƴaƴansa ku riƙa biyan wannan ɗawainiya a bayyane don kada ta zama alfarmar da za a gaji da ita. A gyara ɗakinsa kafin ya isa, domin ɗakin ƙasa da ya yi watanni babu kowa yana iya yoyo ko ya zama maɓoyar kunama. A ba shi gidan sauro mai magani, domin damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne kuma yana kayar da tsoho da sauri, a ba shi sanda mai ƙarfi da takalmi mai riƙe ƙafa da fitilar hannu, da wayar salula mai sauƙin dannawa, a kuma san asibitin da ya fi kusa da mai motar ko mai babur ɗin da za a kira cikin dare. Sharaɗi guda za ku yi da shi, cewa ba zai je gona shi kaɗai ba kuma ba zai riƙe hauya ya yi noma ba. A kai shi da amalanke da sanyin safiya, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya duba aiki ya ba da umurni, ya dawo kafin rana ta take. Wanda ka ba aron gonar ka yi magana da shi tun da wuri, ya san cewa mai gona zai zo, ya riƙa neman shawararsa, kuma kada ya sare ko da itace guda ba da izninsa ba. Maganar sayar da gonar ko ba da ita jingina kuwa kada ta taso muddin Baba yana raye, sai in shi ya kawo ta.

Kada ka sa rai cewa da ya sauka a ƙauye komai zai warware. Gidan da zai koma babu mahaifiyarku a cikinsa, wataƙila wasu abokan zamansa na dandali sun rasu, kuma kwanakin farko suna iya tayar masa da baƙin cikin da ya danne. Wannan ba dalilin fasa tafiya ba ne, domin makoki a cikin mutanen da suka san mamaciyar ya fi sauƙi a kan makoki a ɗakin da babu mai ambaton sunanta. Amma ka sa ido: idan bayan wata guda yana can yana ci gaba da ramewa kuma ko gonar ta daina burge shi, to ciwon ya wuce na kewa, a dawo da shi wurin likita, domin ciwon damuwa yana da magani kuma tsufa ba ya hana maganin aiki.

Tsarin da nake ganin zai fi dacewa da ku shi ne raba shekara, damina da kaka a ƙauye, rani da bazara a wurinka, lokacin da aikin gona ya ƙare kuma zafin Afrilu da Mayu, wanda ke haura digiri 40 a nan, yake da haɗari ga tsoho. Amma zaman birnin ma sai an sake masa fasali. Ka saya masa tunkiya ko akuya biyu, ko ragon da zai yi wa kiwo har Layya, su zama nasa, shi zai ce abin da za a ba su da lokacin da za a sayar. Idan tsakar gidanka siminti ne gaba ɗaya, ka fasa wani gefe a dasa zogale ko lemun tsami ko lalle, a shuka yakuwa da kuɓewa a tsofaffin bokitai. Na san matsalar ruwa a Zinder ba sabuwa ba ce kuma akwai unguwannin da ake sayen sa da tsada, amma ruwan alwala na gida guda da ruwan wankin shinkafa da ganye, idan aka tara su, sun isa rayar da ƴan itatuwa, sai dai a guji ruwan da ke da sabulu mai yawa. A nan dole in ce ka zauna da maiɗakinka kafin ka kawo dabba gida, domin shara da wari da ɓarnar akuya a kanta za su faɗa, kuma shirin da aka ɗora wa mace ba da yardarta ba ba ya daɗewa. Ku raba aikin tsakanin yara, a killace wurin dabbobin da kyau.

Ka fitar da shimfiɗarsa waje da safe ya sha hantsi, ya taka zuwa masallaci idan gwiwa ta yarda, a samar masa wurin zama a gindin wani dogon yaro na unguwa inda dattawa ke taruwa. Ranar da iskar hunturu ta taso da ƙura sosai ya zauna ciki saboda ƙirji. Rediyo ya fi masa talabijin amfani, domin zai iya ɗaukar sa zuwa inuwa kuma yana kawo labarin ruwa da farashin hatsi. Lokaci zuwa lokaci ka kai shi kasuwar dabbobi ko da ba za ku sayi komai ba, ko ku fita zuwa lambunan Mirya da ba su kai kilomita 20 daga gari ba, ka bar shi ya yi hira da masu lambu. Ka haɗa shi da jikokinsa a kan wannan ilimi: ya nuna musu bambancin sabara da kalgo, ya gaya musu amfanin aduwa da magarya, ya koya musu gane akuya mai ciki da mai ciwo. Ranar 3 ga Agusta, da ake bikin dashen itatuwa a ƙasar nan, a ba shi dashe ya sa da hannunsa, a ƙauye ko a birni, jika guda ya ɗauki alkawarin shayar da shi idan kakan ba ya nan. Ko ranar da tsufa zai kai shi ga kwanciya, a sa gadonsa inda zai ga sama da itace ta ƙofa ko taga, a riƙa fito da shi tsakar gida da yamma.

Saura tsoron bakin mutane. Masu magana za su yi ko ka bar shi a ƙauye ko ka riƙe shi a birni yana ramewa, kuma babu ɗayansu da zai ɗauke maka nauyin ko da kwana guda. Wanda ya yar da ubansa shi ne wanda ba ya zuwa, ba ya aike, ba ya kira. Wanda ya kai shi da kansa, ya ajiye mai kula da shi, yake zuwa duk ƙarshen wata, mutanen ƙauye da kansu za su shaide shi. Haɗarin faɗuwa da kake tsoro gaskiya ne kuma shirin da na zayyana rage shi zai yi, ba zai kawar da shi ɗungum ba, amma zaman ɗaki ma yana da nasa haɗarin, kuma kana ganin sa a jikin Baba tun watannin da suka wuce.

Ka kira yayarka da ƙanenka ku yi magana guda kafin ku je gabansa, ku amince a kan abin da kowa zai riƙa bayarwa a wata da yadda za ku karɓi ziyara bi da bi, don kada ya ji kuna jayayya a kansa ya ɗauka ya zame muku nauyi. Sa'an nan ka same shi kai kaɗai bayan sallar asuba ko la'asar, ka zauna ƙasa kusa da shi, ka ce: “Baba, na ji maganarka, kuma za mu je gona. Ina roƙon ka fara bari likita ya duba ka, sa'an nan ka gaya mini wanda kake so ya zauna tare da kai a can.” Ka ba shi haƙuri a kan awakin, ka tambaye shi irin waɗanda yake so a mayar masa da kuma kasuwar da ya fi yarda da dabbobinta. Ka sa ranar ganin likita a cikin wannan mako, ranar tafiya kuma ka bar shi ya zaɓe ta da kansa, ya zamana kun isa kafin a gama noman farko.